Shin ƙara takun farfela yana ƙara gudun jirgin sama?

Ɗalibin tuƙi: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Taku shi ne nisan da farfela ke ci gaba a juyi ɗaya, kamar ƙusa mai zare cikin katako. Farfela mai takun inci 60, idan tana juyi 2400 a minti, lissafi ya ba ni kilomita 219 a awa. Ina ganin da za a sa mai inci 70, gudun zai kai 256, tafiyar Yamai zuwa Tawa ta ragu sosai.

Bakanike: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ɗauka injin zai tsaya a 2400, alhali nan gizo ke saƙa. Injin Lycoming O-320 mai ƙarfin doki 160 na ƙaramin jirgin sama Cessna 172 sai ya kai juyi 2700 yake ba da cikakken ƙarfinsa, kuma da zarar ka ɗora masa taku mai faɗi, da idonka za ka ga allurar juyi ta sauko, tamkar babbar mota da ta ɗauko albasar Galmi aka sa mata giyar ƙarshe a kan hawa.

Malamin lissafi: Ina bayan Bakanike. Turjiyar iska ce ke yanke hukunci, domin ƙarfin da ake buƙata yana hawa ne da gudu sau gudu sau gudu. Daga 219 zuwa 256 sai an ƙara wa injin kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfinsa. Daga ina zai fito?

Tsohon matuƙi: Kada ku danne yaron nan gaba ɗaya, yana da ƙanshin gaskiya. Farfelar da aka ƙera don doguwar tafiya takunta ya ɗan fi na wadda aka ƙera don hawa, kuma tana ƙara gudu kaɗan. Sai dai a wajen tashi ake biyan kuɗinta. Na taɓa tashi daga filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai da azahar a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, iska ta yi sirara, jirgin ya cinye titi mai tsawo kafin tayoyinsa su rabu da ƙasa, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf a kan sitiyari. Dalilin ke nan Cessna 182 ke da farfelar da takunta ke sauyawa da matsin baƙin mai, ƙarami wajen tashi, babba a sama.

Ɗalibin tuƙi: To Baba, me zai hana a bar takun, a ƙara juyi?

Bakanike: Bakin farfela mai faɗin inci 75 a juyi 2700 yana gudun kusan mita 270 a daƙiƙa, sauti kuwa wajen 340. Idan ya matso kusa, ƙara ce ke ƙaruwa, turi ya ragu. Ka zo garejin jirage gobe da safe in nuna maka lambobin da aka buga a gindin farfela.