Zanzibar ko Gore, wanda bai taɓa hawa jirgin ruwa ba ta ina zai fara?

Abu_Hanif: Assalamu alaikum jama'a. Ni da iyali muna son mu je hutu wani gari na bakin teku, daga nan mu tsallaka tsibiri ta jirgin ruwa, to hankalina ya rabu tsakanin Zanzibar da tsibirin Gore na Dakar. Matsalar ita ce uwargida ko a mota jiri take ji, ni kuma ban iya ruwa ba ko kaɗan. Waɗanda suka taɓa zuwa don Allah a ba mu haske, wanne ya fi sauƙi kuma wane wata ya dace?

Dan_Bulaguro: Wa alaikumus salam Malam. In dai don jirin Hajiya ne ku fara da Gore, daga tashar jirgin Dakar wajen minti 20 ne kun isa, kafin zuciya ta fara tashi an sauke ku. Tsibirin ɗan ƙarami ne tsawonsa bai kai kilomita 1 ba, babu mota ko ɗaya, da ƙafa za ku zagaye shi ku shiga gidan tarihin cinikin bayi mai ƙofar da ke kallon teku. Tun 1978 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Sai dai fa yawon yini guda ne, ba wajen da za ku yi mako ba.

Maman_Ilham: Ni kam ina tare da Zanzibar, Yaya, don in yawo kan ruwa kuke so can ne wajen. Daga Darussalam jirgi mai gudu kusan awa 2 yake yi zuwa Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, kuma ku riƙe fasfo a hannu don ana dubawa a bakin shiga duk da ƙasa ɗaya ce da Tanzaniya. Abin da mutane ba sa lura da shi iska ne wlh, akwai wadda suke kira kusi tana kaɗawa daga kudu, tana ƙarfi sosai wajen Yuni zuwa Agusta, lokacin nan jirgin yamma mai komawa Darussalam yana jijjiga mutane har ka ga ana ta raba ledar amai, don haka ku yanki tikitin safe ruwa ya fi kwanciya. Maris zuwa Mayu kuma damina ce mai ƙarfi, ni ba zan ba ku shawarar lokacin ba. In kun isa ku ɗauki kwale-kwale zuwa ɗan tsibirin Changuu, kamar rabin awa ne, akwai manya-manyan kunkuru da aka kawo daga Seychelles a 1919. An gina kurkuku a wajen amma ba a taɓa tsare fursuna ciki ba, killace marasa lafiya aka koma yi.

Baban_Sadiq: Rashin iya ruwa ba shi ne abin tsoro ba ɗan'uwa, lodi ne. Jirgin Joola da ya kife a 2002 a hanyarsa ta zuwa Dakar daga garin Ziguinchor na kudancin Senegal mutum sama da 1,800 suka rasu, ya ɗauko fiye da ninki uku na abin da aka ƙayyade masa, Allah ya jiƙansu. Duk kwale-kwalen da ka ga an cika maƙil ko babu rigar ceto ga kowa, ka haƙura ka jira na gaba ko da mai shi ya rage maka kuɗi. Rigar kuma a ɗaure ta tun kafin a tashi.

Abu_Hanif: Amin, na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. To shi jirin akwai dabara?

Maman_Ilham: Ta sha maganin jirin tafiya kamar awa 1 kafin hawa, in zuciya ta riga ta tashi ba ya wani aiki, kuma yana sa barci ku sani. Ta zauna tsakiyar jirgi a hawan ƙasa inda lilon ya fi sauƙi, ta riƙa kallon nesa inda ruwa ya haɗu da sama, waya kuma ta zauna a jaka har a sauka. In tana da ciki ko tana shan wani magani ta fara tambayar likita tukuna.