Don Allah a taimaka, rafin ado da na gina a gida yana shanye ruwa kuma bado ya ƙi kamawa

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Ni ɗan ƙauye ne ta wajen Rano, bayan gidanmu akwai wani rafi da muke wanka muna yara, to tun da na tare a gidana na nan Kano shekara uku ke nan abin yake raina. Akwai wani lungu a gefen katanga wanda maiɗakina ta so a yi mata akurkin kaji ni kuma na ce a'a, har sai da yayanta ya sa baki wai me zan yi da rafi ni ba agwagwa ba, wallahi wannan maganar ce ma ta ƙara zuga ni. Na kalli bidiyo sun fi ashirin a YouTube, watan Disamba na samo wani yaro muka haƙa da kanmu, tsawo mita 6 faɗi kamar santimita 40, ya ɗan yi lanƙwasa ya zagaya ta gindin darbejiya, a ƙarshensa muka yi ɗan kududdufi. Muka shafe da siminti, na jera duwatsu da tsakuwa, na sa famfo yana mayar da ruwan sama. Satin farko har maƙwabta suna shigowa kallo. Yanzu kullum sai na zuba jarka biyu zuwa uku ta 'yan garuwa, ruwan ya koma kore shar, badon da na ciro a wani tafki ya ruɓe, ƙarfasa takwas da na zuba duk sun mutu cikin kwana huɗu, kuma da an ɗauke wuta sai kududdufin ya tumbatsa ya malale tsakar gida. Yau da safe maiɗakina ta ce min ko dai in gyara ko ta sa a cike shi da ƙasa ranar da na tafi aiki. Ya zan yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam ba ka faɗi abubuwan da ake buƙata ba, zurfin kududdufin nawa, wane irin famfo ne, ka sa rodi ko waya a cikin simintin? Amma ko ba ka faɗa ba na san matsalar, simintinka ya tsage. Ka yi shafe da hunturu, iska ta busar da shi kafin ya yi ƙwari, ga saiwar darbejiya a ƙasa tana turi. Ka farfashe shi gaba ɗaya, ka shimfiɗa yashi mai laushi, ka ɗora tamfol mai kauri irin na masu kiwon kifi falle ɗaya ba haɗi, gefensa ya haura saman ruwa, sannan ka mayar da duwatsunka. Maganar ambaliya kuwa lissafi ne kawai, mita 6 a faɗin santimita 40 in ruwan ya kai zurfin santimita 5 lita 120 ke nan, kusan jarka biyar, duk wannan yana tafiya ne a kan hanya muddin famfo na aiki, da ya tsaya sai ya gangaro ƙasa. In kududdufinka ba shi da sararin ɗaukarsa dole ya zubar, wuta ta dawo ka ga ruwa ya yi ƙasa ka sake sayen wani.

Baban Ilham: Na gode Injiniya amma gaskiya bai tsage ba, na duba da tocila ko'ina. Kuma sai da na yi kwana uku ina yayyafa masa ruwa. Famfon sumo ne na tsohuwar rijiyarmu, rabin hos.

Injiniya: Sumo?? Rabin hos wat 370 ne fa, wannan na tura ruwa saman tanki ne, a rafinka fesar da ruwa zai riƙa yi kan duwatsu rana ta shanye. Ɗan ƙarami na wat 40 zuwa 60 ya ishe ka, akwai ma masu aiki da sola kai tsaye. Kwana uku kuma ba ban-ruwa ba ne, siminti sati yake so ko fiye. Tsagar da nake faɗa kamar silin gashi take, a ƙarƙashin dutse ba za ka gan ta ba.

Mai Tarwada: Ni fa ban yarda a fasa ba. Kwamin kifina na siminti ne shekara bakwai ko ɗigo ba ya yi, tamfol kuwa ɓera ɗaya ya huda shi ka shiga uku, ga rana tana cinye duk inda ya fito fili. Baban Ilham kifinka siminti ne ya kashe su, sabon siminti yana sakin ƙarfi irin na farar ƙasa a ruwa, mu sai mun jiƙa shi mun zubar sau da yawa wajen sati biyu zuwa uku kafin mu zuba 'ya'yan kifi. Kuma Afrilu muke ciki, zafi na kaiwa 40, ruwan da ke shimfiɗe a rana zai iya sauka kusan santimita ɗaya a wuni, a girman naka jarka ɗaya da rabi ke nan ko babu yoyo. Mu da muke wannan sana'ar ma kuɗin abinci ya gama kashe mu, bara na sayar da kifi ko uwar kuɗi ban mayar ba, dillalai su zo su yanka maka farashi kana ji kana gani.

Uwar Biyu: Ni tambayata Ilham shekararta nawa? Yaro mai rarrafe ko ruwan baho yana iya halaka shi in ya kifa, Allah Ya kiyaye. Kuma ranar da babu wuta ruwan kwanciya yake, sauro kwana bakwai zuwa goma ya ishe shi ya ƙyanƙyashe ya tashi. Ku maza haka kuke, namu ma keji ya yi na tantabaru ya cika gida da kashi, yanzu ko leƙa su ba ya yi ni ce da shara safe da yamma, in na yi magana a ce ba na son ci gabansa.

Baban Ilham: Hajiya, Ilham ta shiga makaranta, ƙaninta ne ƙarami kuma ba ya zuwa wajen. Sauro kuwa tun kafin rafi muna da shi.

Ɗan Haɗeja: Ɗan uwa bado ba ya son ruwa mai gudu, kwantacce yake so da taɓo a gindinsa da rana sosai, kai kuma ka kai shi inuwar darbejiya a kan tsakuwa. Ka dasa shi a bokiti da laka ka nutsar a kududdufin nesa da inda ruwa ke faɗowa. A gefe ka sa gwaza da na'ana'a, jema ma tana riƙe ƙasa. Ganyen darbejiyar da ke ruɓewa a ciki shi ke ciyar da gansakuka, shuka in ta yi yawa ita za ta ƙwace abincin. Amma don girman Allah kar wani ya ba ka ciyawar kachala wai tana da kyau, mu ta toshe mana hanyoyin ruwa daga Haɗeja har Nguru, gonakin da kakanninmu suka noma shinkafa sun zama dajinta, tsuntsayen jan baki su kwana a ciki su wayi gari a kan hatsi.

Mai Tarwada: Kainuwa ma tana tace ruwa ai.

Injiniya: Ta toshe masa famfo cikin sati. Ku daina ruɗa bawan Allah da furanni, gini bai tsaya ba ana maganar fenti. Malam ga gwaji, ka kashe famfo, ka cika bokiti ka ajiye a gefen kududdufin, ka yi wa kowanne alama da alli, gobe war haka ka duba. In sun sauka daidai rana ce, in kududdufin ya fi sauka yoyo ne. In nan lafiya sai ka kunna ka maimaita, ka san a hanyar rafin yake. Amma ni na riga na faɗa maka sakamakon.

Baban Ilham: To ai in na kashe shi kwana guda ruwan wari zai yi, kuma maiɗakina jira take ta ga ya tsaya. Darbejiyar ma ba zan sare ba, mahaifina ne ya dasa ta ranar da aka sa tubalin gidan. Ni dai ina ganin ko in ƙara shafe na biyu da maganin hana yoyo a kan wanda yake, sumon kuma in rage shi da bawul tunda na riga ina da shi.

Injiniya: To me ya sa ka tambaya?

Uwar Biyu: Ƙanin nata watansa nawa, ba ka faɗa ba.

Baban Ilham: Akwai wanda ya san inda ake samun gwaza mai jan ganye a Kano? Masu furannin da na tambaya a Nassarawa sun ce sai damina.