Yaya zan mayar da sharar kayan gwari takin ƙwaya-ƙwaya?

Ɗan Fadama: Assalamu alaikum. Ina kwaso ruɓaɓɓen tumatir, ganyen kabeji da ɓawon lemo daga kasuwannin Yankaba da 'Yan Lemo a Kano, ina tara su su zama taki. Nauyi da wari ke wahalar da ni wajen kai shi gona a Kura. Akwai yadda zan mulmula shi kamar takin zamani?

Baba Mai Lambu: Wa alaikumus salam. Ɗana, bari ya ruɓe sosai tukuna. Ruwa ne ya yi wa kayan gwari yawa, shi ke kawo warin. Haɗa da buntun shinkafa ko busasshen ganye, da kashin kaji kaɗan, ka riƙa juyawa duk mako. In ka cusa hannu ka ji zafi, aiki na tafiya. Sai ya huce, ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasa, sannan ya nuna. Don Allah ka tsince leda tun farko, ita ke lalata mana gonaki.

Maman Kifi: Malam, injin abincin kifi yana yi. Tankaɗe takin, don tsakuwa tana cinye bakin injin. Yayyafa kokon garin rogo, ya yi damshi kawai, in ka dunƙula ya kama ba ya ɗiga. Ka shanya a inuwa ya bushe ƙarau kafin ka zuba a buhu, in ba haka ba zai yi fumfuna.