Na samu gurbin karatu a Oulu ta ƙasar Finlan, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Allah Ya nufa na samu gurbin karatun digiri na biyu a Jami'ar Oulu, zan tafi a watan Agusta in sha Allahu. Ni haifaffen Zariya ne, sanyin da na sani bai wuce na jin ɗumi da asuba ba. Hajiyarmu ta ji an ce a can rana ba ta faɗuwa, ta ce to yaya zan yi da sallah da azumi? Wanda ya san ƙasar ya taimaka mini: yaya yanayinta, yaya mutanenta, me zan tanada?

Mazaunin Tampere:
Wa'alaikumus salam, Allah Ya sanya alheri. Shekarata shida a nan. Oulu tana bakin teku, kusan kilomita 600 arewa da Helsinki. A Janairu sanyi kan kai digiri 25 ƙasa da sifiri, tekun kansa yakan daskare har mutane su yi tafiya a kai. Amma sanyi ba shi ne abin tsoro ba, gidaje da motocin haya duk da ɗumi. Kada ka ɓata kuɗinka kan rigunan sanyi a gida, ka bari sai ka zo ka sayi na gwanjo. Duhu shi ne ke karya mutum. A Disamba hasken rana bai cika awa 4 ba a Oulu: ka shiga aji cikin duhu, ka fito cikin duhu. Shekarata ta farko na yi ta barci da kasala, ban san dalili ba, sai da aka ce in riƙa shan bitamin D, in kuma riƙa fita da tsakar rana ko da na minti ashirin ne.

Wata 'yar'uwa daga Helsinki:
Ka kwantar wa Hajiya hankali, ƙanena. A Oulu rana tana faɗuwa, sai dai a Yuni ba ta daɗewa take dawowa, shafaƙi ma ba ya ɓacewa. Inda take ƙin faɗuwa sam sai can Laplan, ƙasar 'yan Sami masu kiwon barewar ƙanƙara. A shekarun nan azumi yana zuwa ne cikin hunturu, yinin gajere ne. Mu da muka yi na 2015 a tsakiyar bazara, sama da awa 20, mu muka ji jiki. Kan lokacin isha'i da asuba a bazara, ka bi jadawalin masallacin garin. Kuma Musulunci ba baƙo ba ne a nan: Tatar, wasu Musulmi daga Rasha, sun zo tun ƙarni na 19, sun yi wa ƙungiyarsu rajista a 1925, Somaliyawa kuma tun farkon shekarun 1990.

Mai tambaya:
Na gode, Yaya. To mutanen fa? An ce ba sa gaisuwa.

Mazaunin Tampere:
Gaskiya ne, amma ba ƙiyayya ba ce. Duk ƙasar mutum miliyan 5.6 ne, Jihar Kano kaɗai ta ninka su, yawancin ƙasar kuwa daji ne da tabkuna kusan 188,000. Sun saba kowa da filinsa. Maƙwabcina sai da muka shekara kafin ya wuce ɗaga kai, amma ranar da motata ta ƙi tashi shi ya fito cikin ƙanƙara ya taimake ni. Idan suka ce ƙarfe tara, tara ɗin ce, babu "ga ni nan tafe". In aka gayyace ka sauna, ɗakin wankan tururinsu, an girmama ka ne. Ka ce za ka ɗaura tawul, ba wanda zai ji haushi.

Tsohon ɗalibi:
Abu ɗaya zan ƙara: ka fara koyon yarensu tun yanzu. Kusan kowa yana jin Turanci, shi ke sa mutum sakaci, sai ya zo neman aiki ya gane kurensa. Harsunan hukuma biyu ne, Finlanci da Suwidanci, amma a Oulu na farkon za ka buƙata. Ka tanadi kuɗin keke, mutanen garin ko cikin ƙanƙara shi suke hawa. Yaji da kuka kuma kada ka baro su.