Ina kuke lokacin da aka rufe bodar Maigatari?

Ɗan Gumel: Assalamu alaikum. Jiya Alhamis na shiga kara a Maigatari, ƙura ta turnuƙe, raƙuma a durƙushe gefe guda, ana ta tura bajimai cikin tirela. Sai na tuna watan Agustan 2019 da aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe tamu ba sai 16 ga Disambar 2020. Yarana ba su san yadda garin nan ya koma ba a wannan tsakani. Don Allah duk wanda ya gani da idonsa ya faɗa mana.

Dillali a Kara: Wa alaikumus salam, Malam. Ni shekarata ashirin da wani abu ina cin la'ada a kasuwar nan. Tun daren Laraba baƙina suke sauka, wasu daga Dungas, wasu daga Magarya, wasu har daga can bayan Damagaram, da shanun azawak da tumakin uda. A zaurena suke kwana, matata ta dama musu fura. Da aka rufe, dabba ba ta daina shigowa gaba ɗaya ba, daji ba shi da ƙofa, amma wanda ya saba koro garke sai ya zo da uku ko huɗu, a firgice, ya sayar ya juya. Tabarmin zauren nan na naɗe su na jingine a bango, har gara ta ci biyu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran da ke lodi da masu sayar da igiya da masu tuwo-tuwo. Mu muna da ɗan abin da muka ajiye. Su kuwa Alhamis ce albashinsu.

Jikar Tumbi: Baba Dillali, ku kuna maganar kasuwa, ni zumunci ya dame ni. Mahaifiyata 'yar Tumbi ce. Yaran yanzu ba su sani ba, Tumbi ce tsohuwar fadar sarakunan Gumel kafin a dawo Gumel ɗin da muka sani, yau kuma tana cikin Nijar. Masarauta ɗaya ce Ingila da Faransa suka ja layi a tsakiyarta. Kawuna ya rasu a can ana tsakiyar rufewar nan. Mota ba ta wucewa. A amalanke muka bi ta cikin gonaki ni da Inna, gero ya fi mu tsawo, tana riƙe da ƙullin goron sadaka a cinya, ba ta ce uffan ba har muka isa. Mun tarar an riga an kai shi. Har yau in ta tuna sai ta ce ba ta ga fuskar ƙaninta ba.

Dillali a Kara: Allah Ya jiƙansa, 'yata, Ya ba Inna haƙuri.

Mai Canji: Amin. Ni teburina sefa da naira ne. Ba na buƙatar rediyo, hannuna ke gaya mini ko boda na numfashi. Buzu ya sayar da raƙumi, ya zo in juya masa zuwa jaka-jaka, ya sayi gero da atamfa da sukari ya wuce. Watanni na yi ina kaɗa ƙuda.

Direban Gumel zuwa Maigatari: Kada a manta da mai. A Nuwambar 2019 aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Garin da ke bakin boda kuwa ina zai sa kansa? Sai mun fita nesa mu sha mai, mu dawo da rabinsa ya ƙone a hanya. Mai injin niƙa da mai cajin waya duk sun ɗanɗana.

Manomi daga Haɗeja: Ku yi haƙuri 'yan'uwa, zan faɗi tawa ko da ba za ta yi daɗi ba. Mu masu noman shinkafa a fadama mun ga alheri a shekarar. Da 'yar waje ta yi wuya, har gona ake biyo mu da kuɗi. A kakar nan na rufe ɗakina da kwano.

Mai Canji: Gaskiyarka ce, Alhaji, ba mai jin haushin arzikinka. Sai dai buhun da ka sayar da daraja, mu ne muka saye shi a mudu da tsada, ga shi ba ciniki.

Ɗan Gumel: Duka biyun sun faru, kuma gara yara su ji su tare. Baba Dillali, da aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Yamai fa?

Dillali a Kara: Wannan karon ban naɗe tabarma ba. Akwai wani dattijo daga Dungas da mahaifinsa ke sauka wurin mahaifina. Shi ya aiko mini da saƙo ta bakin mai amalanke, ya ce in bar masa wurinsa kusa da randa, yana nan tafe ko da akuya ɗaya ce. Ya kuwa zo, da akuya biyu da ƙullin kanwa na matata.