Ranar da ka kulle ƙofa makulli yana ciki

Wanda ya buɗe zancen:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya na tafka wadda ban taɓa zaton zan tafka ba. Ina gyara katangar tsaro (firewall, mai tace abin da ke shiga da fita) ta wata saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ta intanet, da ke nesa da ni, sai na ce bari in toshe komai in bar ƙofa (port, lambar da saƙo ke bi ya shiga kwamfuta) ta 80 da ta 443, waɗanda ake bi a buɗe shafi, tunda shafin intanet kawai take ɗauke da shi. Ina dannawa allon ya daskare. Ashe ni kaina ta ƙofa ta 22 nake ciki, ta SSH, hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa, kuma ban saka ta a jerin ba. Shafin yana buɗe wa kowa lafiya lau, mai shi ne kaɗai aka bari a waje. Da ƙyar na koma ta allon gaggawa na masu ba da hayar sabar. Don Allah duk wanda wata ƙofa ta taɓa yi masa irin wannan ya ba mu labari, ko na ji sanyi.

Wani tsohon hannu:
Wa'alaikumus salam. Barka da shigowa cikinmu, ƙanena, yanzu ka zama ɗan gari. Tun da ta faru da ni sau biyu, ba na taɓa katanga daga nesa sai na saka umarnin da zai dawo da tsohuwar doka bayan minti 5. In na tsira in soke shi, in ban tsira ba in zauna in jira. Ita 22 ɗin ma da labarinta: Tatu Ylönen, mutumin Finland da ya rubuta SSH a 1995, ya ga lambar ba mai ita tsakanin 21 ta FTP (tura fayiloli) da 23 ta Telnet (tsohuwar hanyar shiga daga nesa), waɗanda yake so ya gada, ya nema a wurin IANA, hukumar da ke raba lambobin, aka ba shi.

Wata mai kula da kwamfutocin ofis:
Taka da sauƙi malam, ai nan take ka san abin da ka yi. Tawa sai da ta ci mini kwana uku. Na toshe hanyar fita, na bar 53 ta DNS, mai nemo adireshin shafi daga sunansa, amma ta UDP kaɗai (hanyoyin aika saƙo biyu ne, UDP da TCP), don haka na haddace: DNS, 53, UDP. Yawancin shafuka suna buɗewa. Wasu 'yan kaɗan kuma su yi ta juyi har su gaji. Na canza waya, na kashe rauta na kunna, har na zargi masu ba mu intanet, Allah Ya yafe mini.

Sai da na zauna na kalli abin da ke wucewa a layin. Tambaya ta fita ta UDP, amsa ta dawo da alamar cewa an gutsure ta, ba ta cika ba. Kwamfutar ta sake tambaya ta TCP a 53 ɗin dai, katangata ta haɗiye. A tsarin asali amsar DNS ta UDP ba ta wuce bayit 512, in ta yi girma sai a koma TCP. Wato 53 ƙofa biyu ce mai lamba ɗaya, ni kuma ɗaya na buɗe. Tun daga ranar duk wanda ya ce mini "buɗe mini lamba kaza", sai na ce masa TCP ko UDP, shiga ko fita? Wasu har haushi suke ji.

Wani mai gyara:
Ni na'urar sikana ce ta ofis ta daina tura imel. An saita ta a kan 25 tun fil'azal, sai masu ba da intanet suka toshe fita ta 25, kamar yadda da yawansu ke yi saboda masu watsa saƙonnin banza. Na mayar da ita 587 da suna da kalmar sirri, shi ke nan. Ita 25 tsakanin saba da saba take aiki. Abin da ya nuna mini hanya shi ne irin shirun. Ƙofar da ba kowa a bayanta nan take take cewa an ƙi. Wadda katanga ta toshe kuwa yawanci ba ta cewa uffan, sai ka jira har lokaci ya ƙare. In ka ji shirun nan, kada ka wahal da kanka a kan manhajar.

Wata ɗaliba:
Yaya, ke da kika yi maganar UDP, 123 fa? An ce mana ta agogo ce, na ɗauka ba ta da wani amfani.

Mai kula da kwamfutocin ofis:
Rufe ta ki gani, ƙanwata. Ba za ki ji komai ba yau, ba za ki ji gobe ba. Agogon kwamfutoci zai riƙa zamewa kaɗan-kaɗan, ran da tazarar ta wuce minti 5 Kerberos, mai tantance masu shiga kwamfutocin ofis, ya ƙi karɓar mutane, kowa ya zo yana rantsuwa bai manta kalmar sirrinsa ba. Kuma gaskiyarsu.

Wani da ba ya yawan magana:
Ni dai zan saɓa muku kaɗan. Duk labaranku na rufewa ne, kuma duk kun kwana lafiya. Ni bari na yi a buɗe. Na buɗe 3389 don shugabana ya riƙa shiga kwamfutarsa daga gida, na ce na mako ɗaya ne. Bayan wata biyu na leƙa rajistar shiga, sai ga layi a kan layi na baƙi suna gwada kalmar sirri dare da rana. Allah Ya rufa asiri ba su dace ba. Wanda ya ga abin da WannaCry, mugun shirin nan mai kulle fayilolin mutane ya nemi fansa, ya yi a watan Mayun 2017 ta ƙofa ta 445 ba zai yi wa mai toshe komai dariya ba. Gara in kulle kaina a waje sau goma.

Tsohon hannu:
Ban musa ba. Amma kada wani ya karanta wannan ya je ya mayar da 22 zuwa 2222 ya ce ya tsira. Ƙofofin duka 65,536 ne, mai nema zai ƙwanƙwasa su kaf kafin ka gama hamma. Hayaniyar rajista kawai ka rage. Kashe shiga da kalmar sirri ka koma makullin SSH, fayil ɗin sirri da ke tsaya maka a madadinta.

Wanda ya buɗe zancen:
Na gode, Allah Ya saka. Na saka umarnin minti 5 ɗin, na buɗe 53 ta fuska biyu, na ƙara 123. Saura FTP: 21 a buɗe take, abokin aikina yana shiga, amma da ya nemi jerin fayiloli sai ya tsaya cak.

Mai gyara:
21 ta umarni ce kawai, kayan ta wata ƙofar suke bi. Ko ka ware masa zangon manyan lambobi ka buɗe su a katanga, ko ka ce ya koma SFTP, mai tura fayiloli ta cikin SSH, tunda 22 ɗinka yanzu a buɗe take. A buɗe take ko?