Gilashin 50mm na f/1.8 ko na f/1.4: wanne ya dace da hoton fuska a wuri mai ƙarancin haske?

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina aiki da kyamarar Canon 700D da gilashi (lens) na 18-55mm da ya zo tare da ita, kuma da rana ba ni da abin kuka, sai bayan magariba matsalata take farawa. A makon jiya na je ɗaukar kamu a wani gida, aka ɗauke wuta, ba a samu abin haskawa ba sai fitilun caji guda biyu da aka rataya a bango. Na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, har 6400, fuskar amarya ta fito da tsaki-tsaki kamar an watsa mata yashi, zanen lallen hannunta kuwa ya cuɗe gaba ɗaya. Iyaye mata kuma ba sa son a riƙa walƙa musu filasha a ido. An ba ni shawarar gilashin 50mm wanda ba ya zuƙowa. Shin in sayi na f/1.8 yanzu, ko in ƙara haƙuri in tara kuɗin na f/1.4?

Tsohon Mai Hoto:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka sayi na f/1.8, kuma ga dalilina. Gilashin da ke hannunka, idan ka zuƙo shi zuwa 55mm, ƙofar haskensa ba ta wuce f/5.6 (iya ƙanƙantar lambar f, iya faɗin ƙofar), alhali f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan, wato hoton da ya tilasta maka ISO 6400 za ka iya ɗaukarsa a wajen 640 ba tare da ka taɓa gudun shota (tsawon lokacin da haske ke shiga kyamara) ba. A nan babbar ribar take. Daga f/1.8 zuwa f/1.4 kuwa ƙarin hasken bai kai ninki biyu ba, kuɗin kuma ya haura ninki biyu.

Ka nemi na f/1.8 wanda aka rubuta wa STM (sunan injin saitinsa ke nan), wanda Canon ya fitar a 2015. Gindinsa na ƙarfe ne, nauyinsa giram 160 kacal, yana kama saiti, wato ya fito da abu tangaran, daga nisan santimita 35, wanda zai yi maka amfani wajen lalle da sarƙa, sannan ganyen ƙofarsa bakwai ne. Tsohon samfurin na 1990 gindinsa na roba ne, ganyensa biyar, shi ya sa idan ka ɗan tsuke ƙofar za ka ga fitilun da ke bayan mutum sun fito da kusurwa biyar maimakon su yi zagaye. Wani abin da nake so game da shi a kan irin kyamararka shi ne, saboda sensarta, wato farantin da ke karɓar hoto a cikinta, ƙarama ce, 50mm yana ganin abin da 80mm zai gani a babbar sensa. Wannan zai sa ka ja da baya kafin ka cika fuska, kuma ja da bayan ne yake hana hanci yin girma fiye da kima.

Mai Hoton Mata:

Na yarda da abin da Baba ya faɗa game da kuɗi da haske, sai dai ni da nake shiga har ƙuryar ɗaki ina da gyara guda biyu. Na farko, ja da bayan nan da yake gyara fuska shi ne kuma yake ɗaure mutum a ƙaramin ɗaki. Idan ka tsaya nisan mita uku, faɗin abin da kyamarar za ta kwaso bai kai mita ɗaya da rabi ba, wato amarya da ƙawaye biyu, ga gado da kwabet sun tare maka baya. Don haka kada ka sayar da 18-55mm ɗinka, domin da shi za ka ɗauki jama'a, kuma idan hali ya samu daga baya ka duba EF-S 24mm f/2.8, ƙarami ne kuma ya fi sakewa a cikin ɗaki.

Na biyu ya fi damuna, domin ya taɓa cin mini aiki. A f/1.8, daga nisan mita biyu, abin da ke fitowa tangaran bai fi santimita 11 ba daga gaba zuwa baya. Na taɓa ɗaukar wata amarya tana sunkuye, na bar kyamara ta zaɓi wurin saiti da kanta, sai ta kama adon bakin mayafi ta bar idon a dushe, ban kuma gane ba sai da na buɗe hotunan a kwamfuta bayan an riga an watse. Tun daga ranar nake zaɓar ɗigo ɗaya in ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da ni, in kuma akwai ɗan haske sai in tsuke zuwa f/2.2 ko f/2.8, inda gilashin ya fi kaifi. Ka kuma sani ba shi da na'urar hana rawar hannu irin ta 18-55mm, saboda haka kada ka bar gudun shota ya sauka ƙasa da 1/100 na daƙiƙa.

Na Nikon:

Ƙarin bayani ga masu irin kyamarata ta Nikon da ke biye da zancen: 50mm f/1.8D ya fi araha, amma ba shi da injin saiti a cikinsa, don haka a kan D3200 ko D5300 sai an yi saitin da hannu. Ku nemi mai harafin G, ko kuma DX 35mm f/1.8G na 2009. Shi kuma ɗan'uwa mai tambaya, idan wanda aka taɓa amfani da shi zai saya, ya haska cikinsa da tocila ya duba ko akwai fumfuna mai kama da yanar gizo-gizo, sannan ya gwada saitin a jikin kyamararsa kafin ya biya.

Sabon Shiga:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Zan nemi na STM ɗin, kuma kafin biki na gaba zan zaunar da ƙanwata a ɗaki da fitilar caji guda ɗaya in gwada f/1.8 da f/2.8 in kawo muku ku gani. Hajiya, don Allah idan amarya ta rufe fuska da mayafi mai shara-shara, a kan me kike ɗora ɗigon saitin?